Robar da Ke Hancin Safiya

Rabi,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki, Allah ya haskaka makwancinki. Na san babu mai kai miki wannan takarda, ba kuma za ki karanta ba. Amma ga ni zaune cikin motar Alhajin da nake yi wa direba, a ƙofar gidansa a Nassarawa GRA, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan sai ke.

Safiya ba ta da lafiya. Watanta goma sha ɗaya yanzu, haƙora huɗu, ta kuma kwaso taurin kanki kaf. Tun rasuwarki tana ƙauye wajen mahaifiyata, Iya. Kwana uku ke nan tana tari, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Jiya aka kai ta ɗan asibitin nan na bayan kasuwa, wanda kike cewa ko allurar kirki babu a cikinsa. Ya canja, Rabi. An kafa sola a rufin, an kawo wani inji mai tace iska yana ba yara oksijin, ba ruwansa da janareta. Malama Ladi, ma'aikaciyar jinyar, ta sa mata siririyar roba a hanci. Ta gaya min a waya cewa leɓɓanta da suka yi duhu sun fara dawowa daidai.

Da farko hadari nake tsoro. Ni ɗan manomi, ga ni a tsakiyar damina ina roƙon Allah rana. Malama Ladi ta ce in kwantar da hankalina, batiran sun cika, ko an wuni ana lumshi injin ba zai tsaya ba. Ta ce matsalar ba a sama take ba, Iya ce.

Kin san mutanenmu. Da an ce an sa wa wane oksijin, sai mata su fara share tsakar gida saboda 'yan gaisuwa. Sau biyu Iya tana zare robar idan malamar ta juya baya. Wai ba za ta zuba ido a ƙarasa jikarta da abin da aka ƙarasa uwarta ba. Ta rantse la'asar na yi za ta goya ta su koma gida ta yi mata hayaƙi. Malamar kuwa ita kaɗai ce, ga mai naƙuda a ɗayan ɗakin. Idonta nawa?

Wa ya gaya wa Iya oksijin ne ya ƙarasa ki? Ni ne.

Ranar da numfashinki ya sarƙe bayan haihuwa, tun da hantsi likita ya ce a sa miki. Na ƙi. Na ce duk wanda na sani aka sa wa, gawarsa aka fito da ita. Na tsaya kiran 'yan'uwa ina shawara har azahar ta gota. Ko da na yarda, lokaci ya riga ya ƙure. Da muka kai ki gida Iya ta tambaye ni yadda aka yi, sai na ce lafiya lau kike magana har suka sa miki abin nan. Ajali na Allah ne, na sani, amma ƙaryar tawa ce, kuma ita ce yau take jan robar daga hancin 'yarki.

Alhaji ya ba ni izinin tafiya, sai dai rafinmu ya kawo, babur ba ya ƙetarewa sai ruwa ya janye, wataƙila gobe. La'asar kuwa saura awa guda. Na kira Iya sau uku. Na lallashe ta, na haɗa ta da Allah. Amsarta ɗaya ce: ai ni na gaya mata da bakina.

Tsoro nake ji, Rabi. Idan na faɗa mata gaskiya ta ɗauka dabara ce fa? Idan ta yarda, da wane ido za ta ƙara kallona? Abin da ya fi tsorata ni shi ne in kira ta yanzu bakina ya sake mutuwa. Shi ya sa na fara da ke, don in ga ko maganar za ta iya fita.

Ban taɓa neman gafararki ba, saboda na gaya wa kaina ba ki san abin da ake ciki ba ranar. Ƙarya ce ita ma. Idonki biyu, kina kallona lokacin da na ce wa likitan a'a. Ki yafe min.

Zan ajiye biron in kira Iya. Sai mun haɗu.

Mijinki,
Baban Safiya