Hannun Da Ya Shafa Garin

Vinh Long, 9 ga Maris, 1996

Zuwa ga Yaya Tham,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar da sanyin garinku Da Lat?

Zumar da kika aiko ta iso. Ƙaninki Khiem ya lasa, amma abincinsa har yau kunun shinkafa ne, shi ma a tsorace. Basir ɗin ya faɗi tun kafin bikin Tet na sabuwar shekara, sai dai wurin ya warke da tabo, duburar ta tsuke. Yakan yi rabin awa a tsugune yana nishi, abin da zai fito bai fi kaurin tsinken cin shinkafa ba. Mutumin da kan tashi da kwano huɗu, yanzu in na zuba sai ya ce, "Haba Lua, ƙofar shiga ce kaɗai a buɗe fa. Rage mana!" Shi yana dariya, ni na kasa.

Jibi za mu asibiti. Kin rubuta cewa ƙaninki ya yi sa'ar mata. Don girman iyayenki ki bar faɗin haka.

Taki,
Lua

Vinh Long, 14 ga Maris

Yaya Tham,

Ina sake gaishe ki, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Na ɓoye miki magana, yau zan amayar da ita.

Tun farko Khiem asibiti ya so zuwa. Ni na hana. Saura sati uku Tet, kin kuma san wanda sabuwar shekara ta samu a gadon asibiti, shekarar duk a kwance zai yi ta. Na haye kogi wurin Tsoho Bay mai magani, ya ba ni wani farin gari, ya ce a kwaɓa a shafa kwana bakwai, abin zai bushe ya faɗi kamar cibiyar jariri.

Da hannuna na shafa. Kwana na uku ya riƙe min wuyan hannu, gumi na zuba, ya ce, "Lua, wuta ce wannan, ki bari." Na ce masa, "Namiji da raki! Zafin ai shi ne aikin." Na ƙarasa bakwai ɗin cif, har ina yi wa maƙwabta alfahari.

Likita ya duba, ɗan yatsansa ƙarami ma ya ƙi shiga. Ya ce garin ne ya cinye naman. Za a gwada buɗe wurin da wasu sandunan roba, daga siririya zuwa mai kauri, kullum har wata uku. In ya ƙi, sai tiyata. Sannan ya daka tsawa, "Wane marar hankali ne ya shafa maka wannan?"

Ina tsaye riƙe da wandonsa. Khiem ya ce, "Ni ne, likita, da kaina."

A jirgin ruwa muna dawowa na tambaye shi dalili. Ya ce, "In na ce ke ce, zai yarda ya ba ki sandunan? Ni kuma ban da ke wa zan buɗe wa?"

Gobe da safe zan fara sa masa sandunan. Yaya, ki rubuto ki zage ni son ranki. Shi ya ƙi.

Ki gaida yara.

Matar ƙaninki,
Lua