Turaren Hannu Ɗaya

Ard al-Liwa, Alƙahira
Talata, tsakiyar sanyi

Zuwa ga Mai Turare, inuwar tsamiyata, ruwan randata a tsakiyar bazara, zumar da tsufa bai rage wa zaƙi ba. Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya ƙafar nan, yaya kuma idanun da ka hana a taɓa?

Malam Lawal, na san kai ke karanta wa amininka wannan takarda. Ka ɗaga murya, kada ka tsallake ko layi ɗaya. In ka zo inda kunya ta kama ka, yi tari ka ci gaba.

Yau kwana biyar ban taka ƙofar gida ba. Ruwa ake yi da iska, irin sanyin da ke shiga ƙashi ya nemi wurin zama. Layinmu ya zama kududdufi. Masarawa sun ce watan Ɗuba ne, wai yana mayar da budurwa tsohuwa. To ni da na zo da tsufana, me zai mayar da ni? Autarmu Mardiya ta naɗe ni da bargo biyu kamar ƙullin alala, jaririyarta Ihsan tana barci a cinyata, mijinta Abdulbasit ya tafi aiki unguwar Dokki da lema. Ni kuwa sai taga, sai tunaninka.

Shirun nan ya fi damuna fiye da sanyin. Da, tun safe masu talla ke wucewa. Mai gas yana dukan tukunya da sifana, ƙwam ƙwam, ba ko kalma ɗaya. Wannan talla ce ko faɗa? Mai sayen tsofaffin kaya yana ihun "bikya!" kamar an taka masa ƙafa. Na sha yi musu dariya, amma da ruwa ya kore su sai na ji kewarsu, don ko mummunar talla tana tuna mini da mai daɗi.

Ina za su ji irin taka? Kai da za ka jingine keke a bakin kasuwar Funtuwa, ka buɗe akwatin kwalabe, ka ce turaren nan ko kura ta shafa sai awaki sun biyo ta! Ni dillaliya ce, na ƙarar da takalma ina shiga gida gida da ƙullin atamfa, na san ƙarya mai daɗi in na ji ta. Amma taka na tsaya na saurara har inuwa ta juya.

Ka tuna ranar? Na miƙo hannun dama, ka ɗiga mini a bayansa. Na miƙo na hagu, ka rufe kwalba, ka ce hagu sai an saya. Ka hau kekenka ka tafi, ko waiwaye babu. Wayyo ni! Wuni guda ina shinshinar dama kamar lambun furanni bayan ruwan fari, hagu kuwa ƙanshin daddawar miya. Kasuwa ta gaba ni ce farkon mai jiran kekenka. Sai bayan aure ka gaya mini sirrin sana'ar: hannun da bai samu ba shi ke dawo da mai saye, kuma mai talla ba ya waiwaye.

To yanzu ga hajata, ka saurara. Likitan ido a Giza ya duba takardunka, ya ce yanar ido ce kawai, cire ta ba zai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Abdulbasit ya karɓo maka rana, ashirin ga Maris, sanyi ya wuce lokacin. Kai kuma ka ce a waya ido ya gama aikinsa, jirgi ba na tsofaffi ba ne, ka gan ni shekara arba'in da ɗaya, ya isa. Haba, Alhaji! Wa ya ce maka ya isa? Furfurata ta ƙaru, ta yi kyau kamar audugar Funtuwa, ba ka gani ba. Ihsan ta kwaso kunnuwanka, Allah Ya ba ta haƙuri, su ma ba ka gani ba.

Ranar da zan taho, ka ɗaga wa ƙyauren zaure hannu kana sallama, alhali ina tsaye a gefenka. Na yi dariya a gabanka. A mota ban yi ba. Wata, in gajimare ya rufe shi, ai jiran iska ake yi. Kai ga iskar ta zo, ka ce a bar gajimaren?

Malam Lawal, miƙa masa takardar. Alhaji, shinshina kusurwar dama. Wani Husam mai turare ne ya dama mini shi kafin ruwan nan, sai da na mayar da shi sau uku kafin ya yi kusa da naka. Yanzu shinshina ta hagu. Babu komai, ko? Khalas, in ji Masarawa, shi ke nan, hagu sai an zo. Kwalbar tana nan ƙarƙashin matashina.

Doka ɗaya ce na kasa koya a wurinka. Ni ina waiwaye. Kullum idona na kan hanyar filin jirgi, kuma nan zai zauna har ka sauko ka gane ni tun daga nesa, ba sai na yi magana ba.

Taka tun ranar kasuwar nan, har ranar da za a rufe kwalbar,
Lauratu