Ubansa Ya Ce Ba Ya Yiwuwa, Shi Ma Ya Yarda

Inang Dameria, don Allah ki taimake ni da shawara. Na kai inda ko kukan ma ba ya zuwa, sai dai in zauna in yi tagumi. Ni tsohuwa ce, a wani ƙauye kusa da Balige nake, saƙa ce sana'ata, amma rabona da in gama zane ɗaya har na manta.

Maigidana dattijon ikkilisiya ne tun yaranmu na ƙanana. Ɗanmu namiji ɗaya ne, Marudut. Shi muka tura Siantar karatun fasto, kuma uban nan ba ya zama a shagon kofi bai ambace shi ba. Yana cikin karatun ya auri Rospita, yarinya mai son dariya, wadda har yau in na dafa ganyen rogo sai na tuna ta. Ta haifi 'ya mace, jini ya ƙi tsayawa, ta rasu. Ranar jana'iza, maigidana na tsaye yana jagorantar addu'a, Marudut ya miƙe a gaban dangi da surukai ya ce shi da Allah sun raba gari, kada a ƙara kiran sunan Yesu a gabansa. Ya faɗi abin da ya fi haka muni, ba zan iya maimaitawa ba. Daga nan ya tafi Batam aikin walda a wurin ƙera jiragen ruwa. Jaririyar, Tiurma, a hannuna ta girma.

Bana ya dawo. Ya rame, idonsa ɗaya ya lalace da hasken walda, ba ya shan giya, ba ya hayaniya. Abin da ya dawo da shi Tiurma ce, domin lokaci ya yi da za ta tsaya gaban ikkilisiya ta shaida bangaskiyarta, ta fara cin Jibin Ubangiji. Na ɗauka wahalata ta ƙare. Ashe yanzu aka fara.

Akwai wata aya a Sabon Alkawari da ke cewa wanda ya taɓa samun haske, ya ɗanɗana baiwar Allah, sannan ya juya baya, ba ya yiwuwa a sake maido shi ga tuba. Maigidana ya kama ayar nan ya riƙe. Ya ɗauko tsofaffin littattafan yaron na makaranta ya gano kalmar nan ta "ba ya yiwuwa" da Helenanci, wai adunaton. Ni da ban san ko harafi ɗaya na yaren ba, yanzu har a mafarki nake jin ta. In na ce masa ɗanka ne fa, sai ya ce, "Ni na rubuta? Kalmar da aka yi amfani da ita a ce Allah ba ya ƙarya, ita aka sa a nan. Sai ki ce mini wacce za mu goge." Ba ya korar yaron, amma ba ya cin abinci tare da shi. Sai in raba shinkafa gida biyu, in kai wannan ɗaki, in kai wancan.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne Marudut bai musa ba. Mutum biyun nan ba su taɓa yarda da juna kan komai ba, ko kan lokacin shuka, sai kan wannan. Inang da Amang yake kiranmu, wato uwa da uba a yarenmu. Ya ce mini, "Inang, Amang bai yi ƙarya ba. Na fi shi sanin kalmar, ni na zauna jarrabawa a kanta. Ki bar ni a inda nake." Duk Lahadi shi ke kai ni coci a babur, ya ajiye ni a bakin ƙofa, ya koma gindin bishiyar mangwaro ya zauna har a tashi. Matar da ke sayar da soyayyiyar ayaba a wurin ta ce mini in an fara waƙa bakinsa yana motsi, in ya ga tana kallonsa sai ya sunkuyar da kai.

Ita kuwa Tiurma bakinta ba ya shiru. Ta ce wa kakanta, "Ompung, in dai sai da Helenanci ake shiga sama, ai duk ƙauyen nan mun shiga uku." Ya ɗaga mata hannu, bai dai mare ta ba. Yanzu ta rantse in babanta bai shiga cocin ba ranar, ita ma ba za ta tsaya ba. Fastonmu sabo ne, sa'an Marudut, yana jin nauyin maigidana, sai ya ce mu ci gaba da addu'a.

Inang Dameria, ke kin karanta Helenancin nan. Ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci. In ƙofa a rufe take, in sani in daina wahalar da kaina. Na gaji da zama tsakanin maza biyu da nake ƙauna, kowanne na jiran in ɗauke masa kwanonsa.

Uwar da ta gaji, Balige

'Yar'uwata, sannu da ɗawainiya. Gaskiyar kika nema, ga ta.

Maigidanki bai ƙirƙiro kalmar ba, kuma ayar mai nauyi ce. Gaskiya ne an yi amfani da adunaton a ce ba ya yiwuwa Allah ya yi ƙarya. Masana sun daɗe suna saɓani kan wannan ayar, ba ni zan kashe gardamar a shafin nan ba. Amma asalin kalmar rashin ƙarfi ne, abin da ba shi da iko ko aka rasa ikon yinsa. Da ita aka kwatanta wani gurgu da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, kuma mutumin ya tashi ya yi tafiya. Da ita Ubangiji ya ce ceto ya gagari mutane amma bai gagari Allah ba. Kenan duk inda ta fito, sai a tambaya: wa abin ya gagara? Ayar da ta hana gidanku barci ba ta ambaci sunan wanda ya kasa ba. Kuma magana take kan wanda ba a iya kawo shi ga tuba. Mutumin da ke zama duk Lahadi a gindin mangwaro yana bin waƙa a ɓoye, ban ga alamar shi ake nufi ba. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya damuwa ko an yafe masa.

Sai dai kada ki ɗauka nahawu ne ciwon gidanku. Maigidanki ya sha kunya a bainar jama'a, yana tsakiyar addu'a, daga bakin ɗan da yake alfahari da shi. Ya fi masa sauƙi ya ce Littafi ya hana da ya ce har yanzu yana jin zafi. Shi kuma Marudut bai gama makokin matarsa ba, hukuncin nan ya yi masa daidai da yadda yake ganin kansa. Kowannensu yana da abin tausayi, kowanne kuma yana da laifinsa.

Ga abin yi. Ki daina raba shinkafa. Ki ajiye tukunya ɗaya a tabarma ɗaya, mai jin yunwa ya zo. Ki je wurin yayanki ko ƙanenki, kawun yaron. Kin san a al'adarmu mijinki ba zai iya ƙin zama ba in ɗan'uwan matarsa ya shigo da kifi dafaffe don sa wa ɗan 'yar'uwarsa albarka. A zaman nan kada a taɓo Helenanci. Marudut ya nemi gafarar ubansa kan ranar jana'iza, domin ban ji kin ce ya taɓa yi ba. Maganar ayar kuma a kai ta ga wani tsohon fasto da su biyun ke girmamawa, tunda naku yana jin nauyi.

Tiurma kuwa ki gaya mata bangaskiyarta ba jingina ba ce. Ta tsaya ranarta, ta gayyaci babanta da bakinta, ba da sharaɗi ba. In ya shiga, madalla. In a bakin taga ya tsaya, ku bar shi, ai ya matso.

Ke kuma ki huta. Juya zuciyar ɗanki da ta mijinki ya fi ƙarfinki, kuma ba a taɓa ɗora miki shi ba. Allah ya ba ki barci mai daɗi, ya sa ki ga ranar Tiurma da idonki cikin salama.

Inang Dameria