Madarar Da Ke Cikin Ruwan Sama

Alicante, Sifen

Ƙanwata Doreen,

Gaisuwa mai yawa. Yaya mijinki da sanyin Bradford? Ni lafiya lau, gwiwar ce kawai, ita ma sai in na tashi tsaye.

Na ji tsohon maigidana, darakta Cedric Pallister, ya sake fitowa a shirin tarihin fim, yana cewa ruwan saman cikin fim ɗin nan da ya yi masa suna sa'a ce daga Allah. Sa'a wai! Ni ne a kan tsani da tiyo, kwana shida, ina gauraya ruwan da madara don kyamara ta gan shi.

Jiya wata daga cikin masu shirin ta zo daga Landan da takarda, sai murmushi. "Baba Wilf, za mu sa labarinka duka, sa hannu nan kawai."

Na ce, "Yarinya, wa ya ba ki adireshina?" Sai ta hau yabon labulena.

Kin san ni da karatu ba ma shiri. Maƙwabcina ke rubuta mini wannan, amma shi ma ya cika son finafinan Cedric. Ga takardar tata nan na sako. Ki sa tabarau ki bi ta layi-layi. In babu madara a ciki, ki hura wuta da ita.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Wilf