Ka Jira Ni Ranar Ɓatan Wata

Evaristo, sanyin zuciyata, inuwata da tsakar rana, ruwan ƙanƙarar dutse mai gangarowa ya rayar da gonar inabi,

Na san ƙanwarka Nélida ce ke karanta maka wannan. Nélida, don Allah kar ki tsallake ko layi ɗaya. In kunya ta kama ki, ki yi tari ki ci gaba.

Masoyina, aiki yana nan yadda ka bar shi. Da yamma ta yi nakan harba koren haskenmu zuwa madubin da 'yan sama jannati suka ajiye a kan wata, in jira daƙiƙa biyu da rabi ya dawo, da shi mu auna yadda duniya ke karkata tana layi kamar katantanwar yara. To ni wa zai auna irin karkatar da na yi tun da ka sauka daga dutsen nan?

Ka tuna yadda muke? Kai a waje cikin bargonka, maɓalli a hannu, kana gadin sama kada jirgi ya ratsa hasken ya lalata idon matuƙi. Ni a ciki, ba na ganin komai sai allo, na jingina da idonka. In miƙo maka ƙoƙon shayin mate ta taga, ka kurɓa ka yamutsa fuska ka ce, "Malamar wata, wannan shayi ne ko ruwan wanki?" Wallahi yau ko zagin nan na samu, da gudu zan karɓa.

Sai yammar nan da jirgi ya ɓullo daga wajen ƙasar Chile. Ramón, abokin gadinka, shi ya kashe hasken, kai ko alamarsa ba ka gani ba. Ba wanda ya cutu. Amma likita ya ce dundumi ne, kuma zai yi ta ci har ya cinye maka rana. Ka ajiye maɓalli, ka ajiye zoben alkawarinmu a gefensa, ka ce ba za ka rataya wa mace makaho a wuya ba. Haba, Evaristo! Wa ya tambaye ni? Ido na ce ina so, ko mai idon? Na yi fushi, na yi kuka, har yau ina yi.

Kai da kanka ka sani, cikin tulin hasken da muke aikawa, ƙwaya ɗaya tak ke dawowa, ita ma ba ɗan Adam da ya taɓa ganinta da ido. Duk da haka ba mu taɓa shakkar ta dawo ba. Mun shekara muna cin abinci da abin da ba a gani, sai a kanka ne zan koyi shakka?

Sauran masoya farin wata suke jira. Mu kuwa hutunmu sai wata ya ɓata, a rufe na'ura, mu gangara gari mu ci gasasshen nama a gidan innarka. Ranar Alhamis zai ɓata. Zan zo da zoben. In ka ce a'a, ka faɗa a gabana, ba ta bakin Nélida ba.

Ka fitar da kujeru biyu tsakar gida, mu ɗaga kai tare. A ranar ni ma ba zan ga wata ba, kuma zan rantse maka yana nan.

Taka, da ido da babu,
Casilda