Fim ɗin da na kunna wa surukina

Asabar da dare, unguwar Vittin

Baban Rahi, surukina, ya zo ɗazu da rana daga Zogbeli ganin jikokinsa. Don in burge shi da sabuwar talabijin, na kunna mana fim ɗin wani jarumi mai rufe fuska. Na ɗauka na yara ne. Ashe bakinsa ashar ce zalla, ga Baba tsohon ticha, ba Turancin da ke wuce shi. Ina laluben rimot sai ga mace tana tuɓe kaya. Wallahi na roƙi Allah a ɗauke wuta, amma yau ɗaya aka ƙi ɗaukewa.

Baba ya miƙe. "Ɗana, ba ni buta."

"Baba, ai la'asar da saura."

"Na sani."

Ya ja hannun yaran suka fita. Da ma zagina ya yi.