Injin da Farfesa Ya Ƙera

Laraba, bayan isha'i.

Yau aka yi walimar Farfesa Gidado, sabon shugaban tsangayarmu ta injiniya. Rabin awa ana karanta tarihinsa, daga digirin Ingila zuwa kujerun kamfanoni. Duk ban damu ba, sai da aka ce wai shi ya ƙera injin casar shinkafar da za mu kai wa manoman Zungur. Shi! Wata bakwai ina walda, ga tabon nan a hannuna. Sau ɗaya ya leƙo, yana toshe hanci.

Aka turo injin gaban baƙi don ya tayar. Ya ja igiya sau huɗu, babbar riga tana harɗe shi, injin ko tari bai yi ba. Makunnin mai ne a rufe, yadda nake barinsa kullum. Ya waigo yana gumi: "Malam Sani, ɗan duba mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ƙera shi."

Uwargida ta ce na jawo mana, tunda takardar ƙarin girmana tana kan teburinsa. Na sani. Amma tuwon daren nan har ƙari na yi.